Koyon aikin kafinta a Batsari da Safana

Aikin kafinta sana'a ce ta haɗa kayan katako, kamar benci, teburi, gado da ƙofa. A Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Katsina, galibi a shago ake koyonta, a hannun maigida.

Yaro yakan fara da miƙe lanƙwasassun ƙusoshi da goge katako, kafin a bar shi ya riƙe zarto. Awo ake fara koya masa, domin katakon da aka yanke ba daidai ba ya zama asara. Benci ko ƙaramar kujera ne aikinsa na farko. Gado da sauran kayan ɗakin amarya sai hannu ya faɗa, kuma a nan cinikin yake.

Sassaƙa ta girmi wannan sana'a. Masassaƙi da gizago yake fafe turmi da akushi daga gungume guda, kuma an fi son kirya wajen turmi saboda taurinta. Dajin Rugu da ke yankin ya daɗe yana samar da itace, amma rikicin 'yan bindiga ya sa shigarsa ta zama kasada.