Dangin Aya

Dangin aya, wanda masana tsirrai ke kira Cyperaceae, rukuni ne na tsirrai masu kama da ciyawa, kuma yana da nau'o'i sama da 5,000 a faɗin duniya. Aya da aya-aya da kajiji duk 'yan wannan dangi ne.

Da kara ake fara bambanta su da ciyawa. Karan mafi yawansu yana da kusurwa uku, cikinsa a cike yake, kuma ba shi da gaɓa, alhali karan ciyawa zagayayye ne mai gaɓoɓi. Ganyen yana fitowa ta ɓangarori uku na karan. Furannin ƙanana ne, ba su da kalar da ke jan ƙwari, iska ce ke ɗaukar musu ƙurar barbara. Kajiji ya saɓa wa 'yan'uwansa, domin karansa zagayayye ne.

'Yan wannan dangi sun fi son ƙasa mai laima, kamar fadama da bakin tafki da gonakin shinkafa. Da yawansu suna yaɗuwa ta saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana yin 'ya'ya. Shi ya sa aya-aya ke wahalar da manomi: ko an nome ta, ƙwayar da ta rage a ƙasa sai ta sake tsiro.

Ana noma aya a ƙasa mai yashi, musamman a yankin Maraɗi, a ci ta ɗanya ko soyayya, ko a yi kunu da ita. Saiwar kajiji kuwa tana da ƙamshi, mata na sa ta cikin turaren wuta.