Kifin Tafkin Kainji da Hakkinsa a Hannun Masu Bincike

Tun kafin a datse kogin Kwara a Kainji cikin shekarar 1968, har ruwa ya malale ya shafe tsibiran Gungawa da fadamun ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, Sarkawa masunta suna da ladubban su da suka gada kaka da kakanni, waɗanda Sarkin Ruwa ke tsarewa, domin kada kwaɗayin yau ya cinye arzikin zuriya.

Da tafkin ya cika, sai hukuma, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa, wanda daga bisani ya zama cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi. A nan ne masana suka riƙa auna giwan ruwa da karfasa, suna ƙyanƙyasar tarwaɗa a kwatami, har bincikensu ya tabbatar da ɓarnar taru mai ƙananan ido ga 'ya'yan kifi.

Amma ilimi amana ne, kuma malamanmu sun karantar cewa ihsani wajibi ne ga kowane mai rai. Saboda haka kifin da aka tsare domin nazari yana da hakkin ruwa mai tsabta, da abinci, da sarari. Kada a cunkusa shi, kada a kashe fiye da buƙata, in kuwa kisan ya zama lalura, a gaggauta shi ba tare da azabtarwa ba.