'Yan Gurguzun Iran da Zanga-zangar Mata ta 1979

Gabatarwa

Juyin juya halin da ya tumɓuke Sarki Muhammad Reza Pahlavi na Iran a 1979 aikin gayya ne. Malaman addini da 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan man fetur da masu ra'ayin gurguzu duk sun sa hannu, mata kuwa sun fito tituna dubu-dubu, masu lulluɓi da marasa shi. Wannan maƙala za ta waiwayi gardamar da ta ɓarke tsakanin 'yan gurguzu bayan nasara, kan ko mulkin malamai zai iya zama na dimokuraɗiyya, da kuma matsayin mata a ƙarƙashinsa.

Mafarin Gardama

Sarki ya bar ƙasar ranar 16 ga Janairu, Ayatullahi Khumaini ya dawo daga gudun hijira ranar 1 ga Fabrairu, gwamnatin sarauta ta rushe ranar 11 ga wannan wata. Kafin watan ya ƙare, aka dakatar da Dokar Kare Iyali ta 1967, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1975. Dokar ce ta mayar da sakin aure hannun kotu, ta gindaya sharuɗɗa kan ƙarin aure, ta kuma ɗaga shekarun aurar da 'ya mace zuwa 18. Ba a jima ba aka hana mata alƙalanci. Shirin Ebadi, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 2003, tana cikin waɗanda aka sauke daga kujerar shari'a.

Ranar 7 ga Maris, Khumaini ya ce matan da ke aiki a ma'aikatun gwamnati su riƙa sa hijabi. Washegari, wadda ta dace da Ranar Mata ta Duniya, dubban mata suka fito titunan Tehran cikin dusar ƙanƙara, suka shafe kwanaki suna zanga-zanga, 'yan banga na kai musu hari. Ƙorafinsu a kan tilas ne, kuma tilas ba baƙuwa ba ce ga matan Iran, domin a 1936 Reza Shah ya haramta lulluɓi, 'yan sanda suka riƙa fizge shi daga kan mata. Ayatullahi Mahmud Taleghani ya fito ya ce ba za a tilasta wa kowa ba, ƙura ta ɗan lafa.

Ɓangarorin Gardama

Jam'iyyar Tudeh, wato jam'iyyar kwaminisanci da aka kafa a 1941 mai biyayya ga Tarayyar Sobiyat, ta ɗauki matsayin cewa babban abokin gaba shi ne danniyar Amurka. Tana da hujja, domin Amurka da Ingila ne suka kitsa juyin mulkin da ya hamɓarar da Firayim Minista Muhammad Musaddik a 1953. A ganinta, duk abin da zai raba kan masu juyi hidima ce ga abokan gaba, batun mata kuwa reshe ne da zai warware kansa idan an gama da 'yan jari-hujja. Wasu ma cewa suka yi masu zanga-zangar matan masu hannu da shuni ne, waɗanda ba su san wahalar talaka ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya ƙunshi ƙananan ƙungiyoyi da mata 'yan gwagwarmaya, ya ce 'yancin mata shi ne zakaran gwajin dafi: gwamnatin da ta iya karɓe haƙƙin rabin al'umma da umarnin mutum ɗaya, gobe za ta karɓe na jaridu da na jam'iyyu.

Gardamar ta ƙara fitowa fili a ƙuri'ar raba gardama ta ƙarshen Maris. Firayim Minista Mehdi Bazargan ya so a kira ƙasar Jamhuriyar Dimokuraɗiyya ta Musulunci, Khumaini ya ƙi amincewa da ƙarin ko kalma ɗaya a kan Jamhuriyar Musulunci. Tudeh ta ce a jefa ƙuri'ar amincewa, ƙungiyar Fida'iyan mai aƙidar Markisanci ta ƙaurace. An bayyana cewa fiye da kashi 98 cikin 100 sun amince. A Disamba aka zartar da tsarin mulkin da ya ɗora babban malami bisa majalisa da shugaban ƙasa. Mace ɗaya tak ta zauna a majalisar da ta tsara shi. Kame ofishin jakadancin Amurka ranar 4 ga Nuwamba ya ƙarfafa hujjar Tudeh, har a 1980 Fida'iyan ta rabu biyu, mafi rinjaye suka mara wa gwamnati baya.

A Faransa ma an tafka irin wannan muhawara. Masanin falsafa Michel Foucault ya ziyarci Iran sau biyu a 1978, ya yaba da ruhin addini da ya gani a yunƙurin. Wata Ba'iraniya mazauniyar Faris ta mayar masa da martani a jarida, cewa mata ne za su biya kuɗin wannan sha'awa tasa.

Sakamako

A 1980 aka wajabta hijabi a ma'aikatun gwamnati, a 1983 kuma aka yi dokar bulala har 74 ga macen da ta fita ba shi. A wannan shekara ta 1983 aka kama shugabannin Tudeh, aka nuno sakatarenta Nuruddin Kianuri a talabijin yana amsa laifin leƙen asiri, aka rushe jam'iyyar. A 1988 aka kashe dubban fursunonin siyasa, cikinsu har da 'yan gurguzu da yawa. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tudeh ba ta shafa ba.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. Iyayen da a da ke ɗari-ɗari da makarantun sarki sun saki 'ya'yansu mata, har a farkon shekarun 2000 mata suka zarce rabin masu shiga jami'a. Mujallar Zanan, wadda Shahla Sherkat ta kafa a 1992, ta ƙalubalanci dokokin aure da hujjojin fikihu har aka rufe ta a 2008. A 2002 aka ɗaga shekarun aure daga 9 zuwa 13. Zanga-zangar da ta biyo bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sanda a 2022 ta nuna cewa ƙorafin 1979 bai mutu ba.

Kammalawa

Kuskuren Tudeh shi ne jera haƙƙoƙi sahu-sahu, tana zaton za a jingine na mata a dawo gare shi daga baya. Matan da ta raina su ne suka fara hango inda aka dosa. Abin lura kuma, gyare-gyaren da aka samu daga baya sun zo ne ta hannun matan da suka tsaya suka yi gardama da malamai a kan fassarar shari'a, lokacin da jam'iyyun da suka ce su jira sun riga sun zama tarihi.