Yadda Ake Tantance Tsohon Rediyon Oba-Oba Kafin a Sake Amfani da Shi

Rediyon oba-oba na'ura ce ta aikawa da karɓar magana ba tare da layin waya ba, shi ya sa masu gadi da 'yan sintiri ke dogaro da shi a wuraren da babu sabis. Sai dai tsoho yana iya yin shiru a lokacin da aka fi bukatarsa.

Matakin farko shi ne cire batir a karanta lambar samfurin da ke jikinsa, domin sanin zangon da yake aiki. Galibin na hannu, irin su Motorola GP300, ko dai na VHF ne, tsakanin megahaz 136 zuwa 174, ko na UHF da ke sama da 400. Waɗannan biyu ba sa jin juna.

Daga nan a duba tsatsa a mahaɗar batir. Tsofaffin batura na NiCd kan daina riƙe caji, kuma sauya su ya fi gyara. Kada a danna maɓallin magana babu eriya, domin hakan na iya ƙona sashen aika saƙo.

A Najeriya, amfani da zangon sadarwa na bukatar lasisi, kuma Hukumar NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa.