FASHIN BAƘI: Yadda ake zaɓen jakar gudun hijira a lokacin hunturu a yankin Tozai, Isa da Sabon Birni

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe tsaunuka, masu zuwa kwanan daji domin nishaɗi sukan ɓata makonni suna auna jakar goyon da za su saya: nauyinta, faɗin cikinta, da yadda take zama a gadon baya. Jakunkunan da suka gama amfani da su kan ƙare cikin dilolin gwanjo, a baje su a kasuwannin Sakkwato, Maraɗi da Ƙofar Wambai ta Kano. A gabashin Jihar Sakkwato, daga Tozai da Tidibale a Ƙaramar Hukumar Isa zuwa Gatawa da Unguwar Lalle a Sabon Birni, akwai masu kwanan daji cikin sanyi waɗanda ba su zaɓi hakan ba. Tsoron harin 'yan bindiga ne ke fitar da su daga gida da dare. A wurinsu, jaka ita ce ke yanke abin da zai tsira daga gida da abin da za a bari.

Wannan bayani ya tattara ƙa'idojin zaɓen jaka marar nauyi da yadda ake shirya ta, daidai da yanayin wannan yanki.

Dalilin da ya sa batun ya taso

Tun daga 2019 hare-haren da suka faro a Zamfara suka zama ruwan dare a ƙasar Gobir ta gabas. A ranar 27 ga Mayu, 2020, an kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki, Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 23,000 sun tsallaka Nijar cikin watan Afrilu kaɗai daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, akasarinsu mata da yara. A farkon Disamba 2021, tsakiyar hunturu, aka cinna wa motar matafiya wuta kusa da Gidan Bawa, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Gudun da ake yi iri uku ne, kuma kowanne da kayansa. Akwai kwanan daji na dare ɗaya, a dawo gida da asuba. Akwai tafiyar yini ɗaya ko biyu zuwa garin Isa, Sabon Birni ko Shinkafi. Akwai kuma tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ko ta Tawa, inda ba a san ranar dawowa ba. Mai barin gida da dare ba ya sanin wanne daga cikin ukun zai same shi, don haka jaka ɗaya ce za ta ɗauki nauyin duka.

Sanyin da ake rainawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga Sahara. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba, musamman a fadamun Gulbin Rima da Bunsuru. Ga mai kwana cikin ɗaki wannan ba abin tsoro ba ne. Ga jariri ko tsoho da ya kwanta a ƙasa tsirara, iska na bugun sa, gumin gudu kuma bai bushe ba, abin ya sha bamban. Likitoci na ɗaukar zafin jikin da ya faɗi ƙasa da digiri 35 a matsayin haɗari, kuma ƙananan yara masu tamowa sun fi saurin kai wa nan. Ƙura da bushewar iska kan ƙara tari da ciwon haƙarƙari, lokacin kuma shi ne farkon kakar sanƙarau.

Masu kwana a dusar ƙanƙara sun daɗe da gane cewa ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jikin mai barci, shi ya sa ba sa tafiya sai da shimfiɗa. Darasin ya yi daidai da nan: bargo ɗaya a sama da tabarma ko buhu biyu a ƙasa sun fi barguna biyu a sama ba shimfiɗa.

Nauyi ne ma'auni na farko

Ƙa'idar da masu tafiyar ƙasa ke bi ita ce kada kayan baligi su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 60 ke nan zai tsaya a kilo 12. Ga yaro, kashi ɗaya cikin goma ya isa: mai kilo 30 ya ɗauki kilo 3. Wannan iyaka an yanke ta ne don masu ƙoshin lafiya da ke tafiya da rana kan hanyar da suka sani. Wanda zai ratsa gonaki cikin duhu, riƙe da hannun yaro, gara ya rage.

Lissafin kilo 12 ba ya da yalwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma baligi na buƙatar lita 2.5 zuwa 3 a yini domin sha kawai. Idan ruwa ya ci kilo 3, bargo kilo 2, guzuri kilo 2, tufafi kilo ɗaya da rabi, shimfiɗa kilo ɗaya, takardu da magunguna da tocila kilo ɗaya, abin da ya rage wa jakar kanta kilo ɗaya da rabi ne. Don haka duk jakar da ta yi nauyi a hannu tun tana fanko, komai kyanta, ta cinye rabon ruwa.

Girma da zama a jiki

Ana auna cikin jaka da lita, galibi kuma adadin na rubuce a jikinta. Masu kwanan dusar ƙanƙara kan nemi mai lita 60 zuwa 80 saboda tanti da kaurin tufafinsu. A nan lita 35 zuwa 50 ta wadatar da baligi, lita 15 zuwa 20 kuma ga yaro ɗan makaranta. Babbar jaka tana jawo a cika ta, kuma wadda ta zarce kai tsawo kan maƙale a rassan ƙaya.

Abin da ya raba jakar tafiya da jakar makaranta shi ne ɗamarar ƙugu. Idan tana da faɗi da soso a ciki, akasarin nauyi kan sauka a ƙugu da ƙafafu, kafaɗu su huta. Tsawon bayan jakar kuma ya dace da na mai ita, wato daga ƙashin da ke tasowa a gindin wuya idan an sunkuyar da kai, zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Hanyar gwaji a kasuwa mai sauƙi ce: a zuba kaya masu nauyi a ciki, a ɗaura ɗamarar, a sunkuya, a yi 'yar sassarfa. Jakar da ke lilo ko dukan baya za ta kayar da mai ita a kan kunyoyin gona.

Abin dubawa a jakar gwanjo

Wurin da igiyar kafaɗa ta haɗu da jikin jaka shi ne ke fara tsinkewa, don haka a ja shi da ƙarfi kafin a biya kuɗi, ko a kai wa baduku ya ƙara ɗinki. Zif shi ne rauni na biyu, domin ƙurar hunturu na cinye haƙoransa. Goga masa kyandir na taimakawa, amma jakar da ake zuge bakinta da igiya ta fi ƙarko. Idan rufin cikinta na ɓarewa kamar dusa ko yana danƙo, ta daina tare ruwa, sai a sa babbar leda a ciki. Maɗauran da ke gefe, waɗanda aka yi domin ɗaure allunan zamiyar ƙanƙara, suna riƙe naɗaɗɗiyar tabarma daram.

Launi ma abin lura ne. Kamfanonin Turai kan yi jakunkunan hunturu ja ko ruwan lemo, su liƙa musu zirin da ke ƙyalli idan haske ya taɓa shi, domin masu ceto su hango wanda ya ɓace. Mai ɓuya a daji akasin haka yake nema: ruwan ƙasa, toka-toka ko baƙi, a kuma ɓare zirin ƙyallin ko a rufe shi da ƙyalle. Sai dai a guji jaka mai zanen kakin soja. An hana farar hula amfani da kayan da suka yi kama da na soja a Najeriya, 'yan bindiga da yawa kuma irin kakin suke sawa. Saurayin da aka gani da ita a shingen bincike ko a gaban 'yan sa-kai na iya shiga tuhumar da ba zai samu damar wanke kansa ba.

Idan bayan na goyo ne

Masu ƙera waɗannan jakunkuna ba su yi tunanin macen da ke goye da jariri ba, alhali mata da yara ne mafi yawa a cikin masu gudu. Nauyin goyon ya riga ya cinye kasonta. Abin da ya dace da ita ƙaramar jakar rataye ce a gaba, mai ɗauke da takardu, magani da ruwan yaro, ko ƙunshin zane marar nauyi a kai bisa gammo. Bargo da guzuri su koma wurin maigida ko manyan yara.

Jakar Ghana Must Go, wadda ta samu sunanta a 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, tana da arha da faɗi, amma tana cinye hannu, ba ta kuma jure ƙaya. Ta dace da mota ko bayan jaki. Wanda ba shi da kuɗin jakar goyo zai iya kai buhun taki da aka wanke sosai wurin tela, a ɗinka masa hannuwa biyu masu faɗi da igiyar ƙugu.

Shirya kaya

Bargo da tufafi su zauna a ƙasan jaka. Ruwa da guzuri, da yake sun fi nauyi, su zauna a tsakiya jingine da baya. Tocila, ashana, magani da hular sanyin yara su kasance a sama, inda hannu zai same su cikin duhu. Guzurin da ya dace shi ne wanda ba ya buƙatar wuta, domin wuta na nuna maɓoya: ƙuliƙuli, garin kwaki, soyayyar gyaɗa, dabino da dakuwa. A haɗa da ƙullin gishiri da sukari; ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta shi ne haɗin da ke ceton yaro mai gudawa. Mai hawan jini, ciwon sukari ko asma ya ajiye maganinsa a jakar tun kafin ranar.

Kuɗi a raba su wuri biyu ko uku, wasu a jiki, kuma na kusa da iyaka su tanadi 'yan sefa. Lambobin wayar dangi a rubuta su a takarda. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, abin da ya nuna cewa waya na iya zama ƙarfe kawai a ranar da aka fi buƙatarta.

Takardu: mafi sauƙi, mafi tsada

Takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, katin zaɓe, takardar haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon makaranta da takardun gona gaba ɗaya ba su kai rabin kilo ba. A naɗe su cikin leda biyu, a ɗauki hotonsu a tura wa ɗan'uwa da ke Sakkwato ko Kano. Gida idan ya ƙone ana sake gina shi, amma sake samun takardu a ƙaramar hukumar da ma'aikata ke tsoron hanyarta na iya cin watanni. Su ne ke sauƙaƙa rajistar agaji, buɗe asusun banki da mayar da yaro makaranta. Hukumar zaɓe ta INEC tana da tsarin kaɗa ƙuri'ar 'yan gudun hijira, wanda ta sabunta a 2022, amma wanda ya bar katinsa a gidan da aka ƙona ya rasa muryarsa a kan waɗanda ya kamata su kare shi.

Nauyin da ba na jaka ba

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 a 2012, wadda ta ɗora wa ƙasashen Afirka alhakin hana raba mutane da muhallansu da kuma kula da waɗanda aka raba. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan 'yan gudun hijira na cikin gida. Duk da haka, yawancin waɗanda suka bar ƙauyukan Isa da Sabon Birni suna fakewa ne a makarantu, kangaye da gidajen dangi.

Tambayoyin da matasan yankin za su iya yi wa shugabannin ƙananan hukumomi, 'yan majalisa, hukumar agajin gaggawa ta jiha da NEMA a bayyane suke: nawa aka ware wa barguna da tabarmi kafin hunturu, wa ya karɓa, ina jerin sunayen, kuma yaushe za a kai rajistar takardu inda mutane ke gudun hijira? Kafin a samu amsa, a rataye jakar kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san wadda zai ɗauka, a sauya ruwan da ke ciki a kai a kai, a kuma tsayar da wurin haɗuwa idan duhu ya raba iyali.