Adana Salsalar Zuri'a da Tsarin Bin Sawun Gyara

Bin sawun gyara tsari ne na kwamfuta da ke ajiye kowane canjin da aka yi wa rubutu, tare da sunan wanda ya yi shi da rana da dalili, ba tare da an shafe abin da ya gabata ba. Wanda ya fi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin masu rubuta manhaja. Ya dace da aikin salsala, domin ita ba a gama rubuta ta: yau takarda ta ɓullo, gobe wata dattijuwa ta zo da ruwayar da ta saɓa wa wadda ke hannu. Inda ake rabon gado ko neman sarauta kuwa, suna guda da aka sauya a ɓoye ya isa ya raba zumunci.

Git ya fi ƙwarewa a kan rubutu zalla. Saboda haka akan haɗa shi da GEDCOM, tsarin rubuta salsala da cocin Mormon ta Amurka ta fitar a 1984, wanda manhajoji irin su Gramps ke karantawa. A cikinsa kusan kowane bayani yana da layinsa, don haka idan aka mayar da shekarar haihuwa daga 1931 zuwa 1934, layin nan kaɗai Git zai nuna. Bugu na 7.0, na 2021, ya wajabta tsarin haruffa na UTF-8, wanda ke kiyaye ɓ, ɗ da ƙ daga rikiɗewa.

Sai dai manhaja ba ta inganta ruwaya. Wanda ya san matsayin isnadi a ilimin hadisi ya riga ya san ƙa'idar: kowane bayani ya zo da wanda ya faɗe shi. Idan ruwayar baka ce, a rubuta sunan mai maganar, da ranar da aka ji ta, da kuma ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi. Idan takarda ce, a faɗi inda take, ko a akwatin gida ko a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da lambarta da shafinta. GEDCOM yana da ma'aunin ƙarfin hujja daga 0 zuwa 3. Takardar haihuwa da aka rubuta a lokacin tana sama. Takardar rantsuwar shekaru daga kotu, wadda ma'aikata da yawa suka shiga aiki da ita, tana ƙasa, domin sau da yawa an yi ta ne bayan shekaru masu yawa, kuma don wata buƙata. Shekarar Hijira a bar ta yadda aka same ta, domin idan babu wata tana iya faɗawa cikin shekarun Miladiyya biyu. Haka ma laƙabi da sunan alkunya, a rubuta su kusa da sunan yanka. Gidan da ake mayar wa jika sunan kaka yakan tara Muhammadu huɗu, kuma nan ne masu tattarawa suka fi haɗe mutum biyu su zama ɗaya.

Gyara ɗaya ake ajiyewa a lokaci guda, da dalilinsa a rubuce. "An gyara" ba dalili ba ne. Ruwayar da ake taƙaddama a kanta a buɗe mata reshe daban har a sami hujja, wadda aka ƙi kuma a bar ta da bayanin abin da ya sa. Hotunan takardu da sautin hira sun yi wa Git nauyi. Gara a ajiye su a gefe da sunaye tsayayyu, a kuma yi kwafi a wani wurin.

Abin da ya shiga tarihin Git ba ya fita don an goge shi daga baya. Saboda haka ranar haihuwar rayayyu, da lambar katin ɗan ƙasa, da batun saki ko rashin lafiya, ba a saka su a ma'ajiyar GitHub da kowa ke iya buɗewa. Ta sirri ake yi, wadda sai waɗanda dangi suka amince wa ke shiga.