Daga Kiyashi Zuwa Haske: Tarihin Neman Sukari a Fitsari

Tun kafin a san awon jini, fitsari ne ya fara tona asirin ciwon sukari. Likitocin Indiya na dā, irin su Sushruta, sun lura kiyashi na dandazo a inda wasu marasa lafiya suka yi bawali, alamar da tsofaffi a Affala da sauran ƙauyukan Adar ba sa buƙatar a koya musu. Ibn Sina ya ambaci zaƙin a littafinsa Al-Ƙanun. A 1674 Thomas Willis na Ingila ya sake bayyana shi, a 1776 kuma Matthew Dobson ya ƙafar da fitsarin mai ciwon, ya tarar da ɗanyen sukari a gindin mazubi.

Daga nan sai zamanin tafasawa. Ruwan awo na Fehling, a 1848, da na Benedict bayansa, shuɗi ne: a ɗiga fitsari a ɗora a wuta, in da sukari sai ya rikiɗe kore, ya koma rawaya, ya ƙare da ja kamar jan bulo. Sai a 1956 Helen Free da mijinta Alfred suka fito da Clinistix a Amurka, ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a duba launi. A ganina babu matakin da ya kai wannan amfani ga talaka, domin shi ya sauƙaƙa awo a cikin gida.

Shi kuwa hasken infared, da ake gwada neman sukari a fitsari da shi, William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya ga ma'aunin zafi ya hau a bayan jan launi, inda ido ba ya ganin komai. A shekarun 1960 Karl Norris ya auna damshin hatsi da shi. Dabarar ɗaya ce: kowane sinadari yana shanye nasa rabon hasken, na'ura ta lissafa abin da ya ragu. Sai dai kusan kashi 95 cikin 100 na fitsari ruwa ne, ruwa kuma yana shan hasken ƙwarai, har ya danne alamar sukarin. Shi ya sa aikin ya fi yawa a ɗakunan bincike har yanzu.

Dalilin ɗokin awo da haske a Adar a fili yake. Tsinken awo na son a ajiye shi ƙasa da digiri 30, ga bazara tana wuce 40, in ya ƙare kuma sai an nemo wani, wani lokaci har Tawa. Haske ba ya ƙarewa haka.

Amma akwai iyakar da na'ura ba ta tsallakewa. Ƙoda ba ta fara zubar da sukari sai na jini ya kai wajen miligiram 180 a kowace desilita. Don haka fitsari yana nuna hawa, ba ya nuna faɗuwa. Mai allurar insulin da ya ɗauki azumi, in jiri da gumi suka kama shi da la'asar, ɗigon jinin yatsa ne zai faɗa masa ko lokacin karya azumin ya yi.